Kififfiyar Nuzhat a Hannun Masanin Ruwa

Mijina, Shamshad Baig, shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Karachi, kuma tun da ya yi ritaya babu wani abu mai rai a cikin ruwa da bai sani ba. Haka dai yake faɗa. Ni da na sha kai masa abinci na san ofishin: hawa na biyu ne, aikinsa buga hatimi a takardu, tagarsa kuma bangon sito take kallo. Amma in mai kifi ya tsaya da kurarsa a ƙofar benenmu, sai Baban Uzma, kamar yadda nake kiransa da sunan 'yarmu, ya sauka ya kama yi masa bayanin kifin da yake sayarwa, har bawan Allah ya gaji ya tura kurarsa gaba.

Wata ranar Alhamis Nuzhat, 'yar ƙaninsa marigayi, ta zo da mai a-daidaita-sahu suna ɗauke da akwatin gilashi. Za ta Multan bikin ƙawarta, kwana goma. A cikin akwatin akwai Mirchi, kififfiyarta, kunkurun ruwa irin mai jan tabo a bayan ido. Mahaifinta ne ya saya mata tun ba ta fi murfin kwalba ba. Yau shekara goma sha ɗaya, ta kai faranti, kuma duk danginmu sun san Nuzhat ba ta haɗa ta da komai.

Ta miƙa masa takarda. Chacha take ce masa, wato Baffa, ni kuma Chachi. "Chacha, don Allah abin da ke nan kawai za a bi. Ƙwayar abincinta kaɗan da safe, ganyen latas da yamma. A riƙa rage ruwan ana ƙara sabo. A bar mata fitilar nan a kan dutsenta, sai ta sha ɗumi take lafiya. Kuma kada a ɗauke ta, ba ta so."

"Ke yarinya, ni za ki rubuta wa takarda a kan dabbar ruwa? Na ga kunkurun da ƙarti huɗu suka zauna a bayansa suka sha shayi."

"A ina, Baban Uzma?" na ce.

"A bakin aiki."

"Ta tagar nan mai kallon bango?"

"Begum, kawo wa yarinya shayi." Haka yake kirana, wato uwargida.

Nuzhat ta kama hannuna a bakin ƙofa. "Chachi, ke na bar wa." Tana sauka ya ninke takardar ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburinmu mai rawa. Da ya shiga banɗaki na zare ta na sa kwali.

Ya jawo kujera ya zauna gaban gilashin. Yana matsowa, Mirchi ta sulale daga kan dutsen ta faɗa ruwa, tsulum.

"Kin gani? Girmamawa ke nan. Ya san babba ya shigo."

"Ya? Nuzhat ta ce mace ce."

"Nuzhat magani take sayarwa, ba ta san kunkuru ba. Dubi yadda yake kallon mutane a raine. Wannan kallon hafsan soja ne. Daga yau Kanar ne sunansa."

Washegari da safe ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa, kamar likitan da zai ba da mummunan labari. Ya nuna jan tabon nan da tsinken shayi.

"Ciwon kunne ne. Duka biyun. Ya daɗe, har ya yi ja. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya lura sai da ya zo hannun wanda ya sani."

"Haka aka halicce su. Shi ya sa ma ta sa mata Mirchi, wato barkono."

"Haka masu sayarwa suke faɗa don kada a mayar musu."

Ya kwaɓa kurkum da man girki a murfin gwangwani, ya naɗe hannun riga, ya tsamo ta. Ta shige da kanta ciki. Ya leƙa, yana ta lallashi, "Fito, Kanar, magani ne." Ya kai yatsa mai kurkum bakin ƙoƙon. Ban ga lokacin da wuyan nan ya fito ba. Na dai ga Baban Uzma yana zagaya falo a kan ƙafa ɗaya, kififfiya na lilo a ɗan-alinsa, bakinsa a buɗe amma sauti ya ƙi fita.

Ana cikin haka Rukhsana Baji ta shigo aron rariya. Ita ce maƙwabciyarmu ta hawa na huɗu, bakinta ya fi barkonon da take shukawa a rufin bene zafi. Ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Shamshad Bhai, sabon zobe ka yi?"

"Gwajin ƙarfin muƙamuƙi nake yi," ya ce da ƙyar.

"To ya ci jarrabawar?"

Ni na kama hannunsa na tsoma shi cikin ruwan, Mirchi ta saki ta yi ƙasa. Kurkum ɗin ya ƙare a yatsansa, ruwan kuma ya koma kalar miyar wake. Ni na canza shi.

Ranar Lahadi ya ce ƙwayar abincin nan tsakuwa ce, babu soja mai rayuwa a kan tsakuwa. Ya zuba mata biriyani cokali uku, har da dankali. Ta tsince naman ta bar shinkafar ta nutse. Kafin azahar ɗin Litinin falonmu ya ɗauki wari irin na kwatar kasuwar kifi. Rukhsana Baji ta leƙo daga matakala, gyale a hanci.

"Tahira, wa ya rasu ba a sanar ba?" ta tambaye ni.

"Ƙanshin teku ne," in ji shi daga ciki. "Wanda bai saba ba ne yake damuwa."

Ranar Talata wani siririn ɓawo ya ɓantaro daga bayanta yana yawo a ruwa. Takardar Nuzhat ta ce haka suke yi in suna girma, kamar saɓar maciji. Shi da bai karanta ba sai na same shi a durƙushe, gumi na zuba, da robar gam a hannu.

"Begum, rufe ƙofa. Ya fara warwarewa."

Na ƙwace gam ɗin na karanta masa layin. Ya saurara, ya share goshi, ya miƙe.

"Girma yake yi ke nan. Kwana biyar a hannuna. Biriyanin nan ne."

A ranar ne kuma Mirchi ta canza hali. Ta daina cin latas, ta daina zama a dutse, sai kai-komo take tana kartar gilashi da ƙafafun baya. Wannan kam babu shi a takarda, kuma ya dame ni. Na ce mu kira Nuzhat. Ya ce kada a ɓata wa yarinya biki.

"Ba ciwo ba ne, ƙunci ne. An kulle Kanar guda a cikin kwalba. Tafki yake so, kuma tafki zan gina masa a rufin bene."

A nan na gano inda aka dosa. Ruwan famfo sau biyu yake zuwa layinmu a mako, Laraba da Asabar, a tura shi tankin siminti da ke rufi, gida goma sha biyu su yi ta lallaɓa shi. Makullin tankin yana hannun Haji Zakaria Motiwala na hawa na ɗaya shekara tara, kuma ranar Lahadi mai zuwa mutanen bene za su zauna su sake zaɓen mai riƙe shi. Baban Uzma ya daɗe yana jin haushin a ce mai sayar da maɓallan riga ne ke kula da ruwa alhali ga masani a hawa na uku.

"A rufi za a yi taron, a bakin tafkina. Ki soya samosa. In suka ga aikin da idonsu, ba sai na roƙi kowa ba."

Kwana uku yana hawa da bulo da yashi. Ya jera bulon a da'ira ba siminti, ya shimfiɗa tamfol ɗin da muke rufe kaya da damina, ya sa tsohon turmina a tsakiya wai tsibiri. Ragowar yashin ya jibge shi a jikin tanki. Ruwan da ya cika tafkin kuwa rabonmu ne na wanka da wanki, bokiti-bokiti.

Haji Zakaria ya hau duba tanki ya tarar da shi.

"Shamshad Bhai, me ake ginawa? Rijiya a sama?"

"Haji Sahib, wannan ilimin ruwa ne, ba maɓalli ba."

"To Allah ya taimaka. Ka dai sani a ƙarƙashin wannan wurin gadon Rukhsana Baji yake."

"Ko ɗigo ba zai fita ba. Na auna."

Da me ya auna, ban sani ba. Ranar Asabar ya kai Mirchi sama a cikin bahon wanki, ya sake ta. Ta yi iyo zagaye biyu, abin gwanin sha'awa, har ni sai da na yi murmushi. Shi kuma ya tsaya gwada jawabin gobe, ni da Rukhsana Baji muka zama jama'a. Ya ɗaga yankan nama sama.

"Jama'a, ku dubi yadda dabba take sanin ubangidanta. Zan kira shi sau ɗaya, ya zo ya karɓa a hannuna."

Wadda ta amsa kiran shirwa ce. Ta sauko kamar an jefo ta, ta fizge naman, ta biyu da ke bin ta ta tafi da hularsa, farar hular da surukinmu ya kawo masa daga Umra. Muka bi ta da kallo har ta sake ta a kan rufin makarantar da ke tsallaken titi.

"Ita ma ta san ubangidanta," in ji Rukhsana Baji.

Na roƙe shi mu mayar da Mirchi akwatinta. Ya ce Kanar ya bar kurkuku ke nan. Abin da na samu kawai shi ne ya yarda na rufa tsohon gidan sauro a kan tafkin saboda shirwa.

Lahadi, ƙarfe uku, ina cikin suyar samosa, ya shigo kicin fuskarsa kamar an shafa mata gari.

"Begum, zo ki ga wani abu, amma kada ki yi magana."

Tafki na nan, turmi na nan, gidan sauro ya ɗage ta gefe ɗaya. Mirchi babu. Fuskar Nuzhat kawai nake gani, ga jirginta zai iso da la'asar. Na leƙa ƙasa ta kan katanga, na duba bakin magudana, na ɗaga kai ina kallon shirwa. Shi kuwa ya durƙusa yana bin wani jiƙaƙƙen sawu a siminti. Sawun ya nufi tulin yashin da ke jikin tanki. A saman tankin, murfin yana da ɓantarewa a kusurwa, faɗin faranti.

"Shi ke nan. Ya hau yashi, ya shiga ta nan. Ƙanshin babban ruwa ya ji."

"To je ka karɓo makulli wajen Haji."

"Yau? In ce masa kunkuruna na cikin ruwan shan mutane? Akwai matoshi a ƙasa. Zan sassauta shi kaɗan, ruwa ya ragu, in haska tocila in kamo shi da rariya. Minti biyar."

"Baban Uzma, ruwan jiya ne. Shi ne har Laraba."

"Kaɗan na ce."

Ya kawo sifana. Matoshin ya yi tsatsa, ya ƙi. Ya taka sifanar da ƙafa, ya hau kanta da dukan nauyinsa. Matoshin ya fita gaba ɗaya, ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa, ya daki katanga. Ruwa mai kaurin cinya ya biyo baya.

Ya toshe da tafin hannu, ruwan ya watsa masa a fuska. Ya toshe da rigarsa, rigar ta tafi. Ya juya ya zauna a bakin ramin, ruwan ya tura shi gaba a zaune kamar yaro a kan tabarma, har ya je ya daki bulon tafkinsa. Bulo ya watse, tamfol ya buɗe, ruwan tafki ya haɗu da na tanki, suka nufi ƙofar matakala tare, turmina na gangarawa a gaba.

A daidai lokacin mutanen bene suke hawowa taro, kowa da kayan Lahadi. Ina jin su daga sama: salati, ƙarar takalma, wani yana tambayar ko ruwan sama ake yi a cikin gida. Duk takalman da aka ajiye a ƙofofi, hawa huɗu, suka sauka titi a jere. Wanda ya fara ɓullowa Haji Zakaria ne, farin wandonsa ya manne a ƙafa, rungume da turmina.

"Wannan na waye?"

"Nawa ne, Haji Sahib," na ce.

Ya ajiye shi a hankali. Ya dubi tankin da ke amai, ya dubi mijina a zaune cikin tamfol ba riga.

"Shamshad Bhai, ilimin ruwan ne wannan?"

"Aikin ceto ne. Akwai rai a cikin tankin nan. Kawo makulli."

Haji ya hau ya buɗe kwaɗon ya ɗaga murfin. Kafin wani ya kawo tocila, Baban Uzma ya taka yashi ya hau, ya juyo ya dubi jama'a, mutum wajen talatin.

"Ku matsa. Wannan ba aikin wanda bai san ruwa ba ne."

Ya zura hannuwa da kai cikin ramin. Kafaɗu suka wuce. Ƙirji ya wuce. Tumbi ya ce a nan zan kwana. Muka tsaya muna kallon ƙafafu biyu suna harbin iska, silifa ɗaya a ƙafa, ɗaya babu.

"Kana ganinsa?" Haji ya tambaya.

Muryar ta fito ta ramin matoshi a ƙasa, da amo kamar daga rijiya. "Ina nazarin wurin."

"To fito."

"Ban gama nazari ba."

"Ya maƙale," in ji wata daga baya, dariya ta ɓarke. Maza biyu suka kama ƙafa ɗaya, biyu suka kama ɗaya. Suka ja, wando ya fara tahowa shi kaɗai.

"Begum," in ji tanki, "riƙe mini mazagi."

Na hau na riƙe. Aka kawo sabulun wanki ana goga masa a kwiɓi. Muna wannan fama sai muka ji Rukhsana Baji daga bayan tanki, inda ta je ceton shukarta. Muryarta a kwance take, wanda ya fi ihunta ban tsoro.

"Tahira, zo ki ga abin da sojan mijinki ya yi wa barkonona."

Na bar wa Haji mazagi na zagaya. Dogon kwamin da take shuka a ciki yana nan a lungu, ruwa bai kai shi ba. An tumɓuke barkono uku an yar gefe. A tsakiya ga Mirchi, rabin jikinta cikin rami, wuya a miƙe, ido a lumshe, ba ruwanta da kowa. Na leƙa ƙarƙashinta. Farare, dogaye, kamar dabino.

Na zauna a jiƙaƙƙen siminti ina dariya hawaye na zuba.

Rukhsana Baji ta je bakin ramin matoshi ta sunkuya. "Shamshad Bhai, kana ji na? Albishirinka. Kanar ya sauka lafiya. Bakwai, ga na takwas a hanya."

Tanki ya ce, "Bakwai me?"

"Ƙwai, ranka ya daɗe."

A lokacin sabulu ya kama. Ya fito fit, kamar toshiyar kwalba, ya zube kan masu ja, su biyar a ƙasa. Yana miƙewa, kumfa har wuya, ga Nuzhat a bakin ƙofar rufi da jakar tafiya, takalmanta a hannu.

"Chachi, ina Mirchi?"

Na nuna mata. Ta durƙusa gaban kwamin ta daɗe tana kallo, sannan ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce ƙasar haƙa Mirchi take nema tun ranar da ta fara kartar gilashi, kuma da ba ta samu ba ƙwan zai iya maƙale mata ya kashe ta. Ta ce kada kowa ya taɓa ta sai ta gama ta rufe raminta.

Baban Uzma ya share kumfa daga gira. "Kun ji da kunnenku. Da ban hawo da ita nan ba, da ta mutu. Dama shirin ke nan. Ƙwan kuma ni zan kula da ƙyanƙyasarsu, zan gina—"

"Chacha, ba namiji. Ba za su ƙyanƙyashe ba."

"A hannun wanda bai iya ba."

Haji Zakaria ya matse bakin wandonsa, ya ce tunda kowa na nan, a yi abin da ya tara mu. Ya ce shi ya ga Shamshad Bhai yana son hidimar ruwan benen nan fiye da kowa, don haka yana ba da shawara a danƙa masa ita daga yau har Laraba: gida goma sha biyu, bokiti huɗu-huɗu kullum, daga famfon masallacin ƙarshen layi. Makulli kuma ya zauna inda yake. Ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu.

Ban taɓa ganin benenmu ya haɗu a kan magana ɗaya haka ba. Rukhsana Baji hannu biyu ta ɗaga. Baban Uzma ya juyo ya dube ni, ya ga nawa a sama.

"Har da ke, Begum?"

"Rabon wankana ne a cikin tafkin nan."

Da magariba Mirchi ta rufe raminta, Nuzhat ta wanke ta ta mayar akwatin gilashi, ta tafi da ita gida a kan cinya. Samosa kuwa a tsaye aka cinye, ba shayi, don babu ruwan dafawa.

Litinin da hantsi na tsaya a taga ina kallonsa a layin famfo, bokiti biyu a gabansa, yatsa ɗaure da tsumma. Yana yi wa wani baƙo bayani da hannu, mutumin na gyaɗa kai. Da ya hawo, a hawa na uku ya ajiye bokitan ya jingina da bango yana haki, rabin ruwan a wandonsa.

"Me kake gaya wa mutumin nan?"

"Tambayata ya yi ko ni waye. Na ce masa ni ne mai kula da ruwan benen can, jiya aka zaɓe ni, ko mutum ɗaya bai ja ba."

"Ba ka yi ƙarya ba," na ce. "Ɗauki, na Rukhsana Baji ne, tana hawa na huɗu."